Yadda Leza Ta Rikita Lissafin Aikin Yanar Ido

Kafin likita ya kusanci idon mai yana da wuƙa, akwai shawarar da dole ya yanke a zaune: lamba nawa za a saka? Aikin yanar ido na zamani cirewa ne da mayarwa. Abin da muke kira yana shi ne lensin da aka halicci ido da shi, wani ɗan abu garai-garai da ke zaune a bayan baƙin ido, wanda tsufa ko ciwon suga ko bugu ke sa ya dushe. In an fitar da shi, sai an dasa na roba a gurbinsa. Na roban kuwa a ɗan kwali yake zuwa, da lambar ƙarfinsa a jiki: 19, 20.5, 22, ana hawa rabi-rabi, da ma'aunin nan na dayofta da ake rubuta ƙarfin tabarau da shi. In an dace da lambar, washegari ana cire bandeji dattijo zai shaida mai tahowa tun daga bakin zaure. In aka kuskure, aiki ya yi kyau, ido ya washe tas, amma gani na nan dishi-dishi, kuma ba tabarau ba ne balle a koma kanti a sauya.

Kusan shekara hamsin likitocin ido suka yi suna gyara wannan lissafi kafin ya zauna da gindinsa. Yana zama, sai ga wata nasara daga cikin gidansu, wato gyaran gani da leza, ta zo ta girgiza shi. A ganina asirinsa ta tona: wasu abubuwan da kowa ya ɗauka aunawa ake yi, ashe kintata su ake yi, kuma kintacen yana dacewa ne kawai don idanun 'yan Adam sun yi kama da juna.

Tun ranar farko da kuskuren lamba aka soma. Harold Ridley, likitan ido a asibitin St Thomas da ke Landan, ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin murfin jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya faɗa da ɓarɓashin. Robar Perspex ce, tana zaune lafiya lau. Shi dai Ridley ɗin nan ya yi zama a Gwalkwas, Gana ta yau, a lokacin yaƙin, har ya yi bincike a arewacin ƙasar kan makantar da cizon ƙudan bakin kogi ke jawowa. Ranar 29 ga Nuwamba 1949 ya yi aikin da ake ɗauka shi ne mafarin dashen lensin roba. An kwaikwayi surar lensin halitta kamar yadda Allvar Gullstrand, masanin Suwidin da ya ci kyautar Nobel a 1911, ya tsara ta, sai dai roba ta fi naman lensi ƙarfin lanƙwasa haske nesa ba kusa ba. Matar da aka yi wa aikin ta fito da rashin hangen nesa mai tsanani, sama da dayofta 10. Duk da haka hanya ta buɗe. Waɗanda suka manyanta za su tuna tsofaffin da aka cire wa yana ba a dasa musu komai ba, da gilashinsu mai kaurin gaske wanda ke ƙara wa komai girma ya toshe gefe-gefe, ranar da ya fashe kuma mutum ya koma sai da ɗan jagora.

Waɗanda suka daure suka ci gaba da dashen, duk da adawar manyan likitocin zamanin, da ƙiyasi suka daɗe suna aiki. Wasu lamba ɗaya suke sa wa kowa. Wasu su tambayi ƙarfin tabaraun da mutum ke sawa kafin yana ta kama shi, su ninka da 1.25, su haɗa da 18. Mai ido matsakaici yakan dace, mai dogon ido ko gajere kuwa sai abin da Allah Ya yi. Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyat ne ya fara buga fomula ta sosai a 1967, wadda ya gina kan dokokin haske. Abu uku take nema: ƙarfin koniya, wato fatar nan mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, wadda ita ke yin kusan biyu cikin uku na aikin tattara haske, tsawon ido daga koniya zuwa retina, inda hoto ke sauka a can baya, sai wurin da lensin zai zauna bayan ido ya warke.

Tsawon ido ya samu mai auna shi a shekarun 1970, na'urar da ke harba sauti cikin ido ta saurari amsa-kuwwarsa. Kuskuren milimita ɗaya a nan yana jawo kaucewar kusan dayofta biyu da rabi. A 1980 Amurkawa uku, Donald Sanders da John Retzlaff da Manus Kraff, suka tattara sakamakon ayyukan da aka riga aka yi, suka tace fomular SRK daga ciki. Sauƙinta ne ya sa ta karaɗe duniya. A ɗauki lambar da kamfani ya ba lensinsa, a ce 118.4, a cire tsawon ido sau 2.5, a cire ƙarfin koniya sau 0.9. Ido mai milimita 23.5 da koniya mai dayofta 43.5 zai ba da 20.5. A bayan katin asibiti ma sai a yi lissafin. Bayanta aka samu waɗanda suka fi ta iya dogon ido da gajere: Holladay a 1988, SRK/T a 1990, Hoffer Q a 1993, sai ta Wolfgang Haigis na Würzburg wajajen 2000. A 1999 kamfanin Zeiss ya fito da IOLMaster, mai auna tsawon ido da haske ba tare da an taɓa idon ba. Maganar tsawo ta kusa ƙarewa ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Na'urar auna koniya, keratomita, ta girmi dashen lensi da kusan ƙarni guda. Hermann von Helmholtz ya ƙirƙiro ta a shekarun 1850, Émile Javal da Hjalmar Schiøtz suka mayar da ita kayan aikin asibiti a 1881. Tana haska wata alama a kan koniya, ta auna girman hoton da ya dawo, daga nan ta gane yadda fuskar koniyar ta lanƙwasa. Iyakarta ke nan. Ƙarfi ba ta auna shi, kuma fuskar waje kaɗai take gani. Koniya kuwa fuska biyu gare ta, da kaurin kusan rabin milimita a tsakani. Ta waje, mai kallon iska, tana tattara haske da ƙarfin kusan dayofta 49. Ta ciki, mai kallon ruwan ido, tana warware kusan 6 daga ciki. Abin da ya rage, 43, shi ne ƙarfin koniya na haƙiƙa. Tun da na'urar ba ta ganin fuskar ciki, sai aka yi mata dabara. Ma'aunin lanƙwasa haske na naman koniya 1.376 ne, amma lambar da ke cikin na'urar 1.3375 ce, wadda ta gaza ta gaskiya daidai yadda za ta biya bashin fuskar da ba a gani. Tana da daɗin lissafi kuma: lanƙwasa mai radiyos na milimita 7.5 tana ba da dayofta 45 cif. Sharaɗin dabarar guda ne, cewa fuskokin biyu suna tafiya tare, in ɗaya ta yi tudu ɗayar ma ta yi. A idon da ba a taɓa ba haka abin yake, shi ya sa aka haura shekara ɗari tambayar ba ta dami kowa ba.

Abu na uku, mazaunin lensi, ba ya aunuwa kafin aiki, don lensin bai shiga ba tukuna. Lensin dattijo yana da kaurin milimita 4 zuwa 5, na roba kuwa kusan ɗaya, kuma jakar da ake sa shi ciki tana tsukewa bayan aiki. Ya matsa gaba kaɗan ko baya kaɗan, ƙarfinsa a aikace ya sauya. Holladay da SRK/T daga tudun koniya suke hasashen zurfin gaban ido: koniya mai tudu, ɗaki mai zurfi, lensi can baya; koniya shafaffiya, lensi kusa. Sverker Norrby ya lissafa a 2008 cewa wannan hasashe shi ne babbar kafar kuskure ko a lafiyayyen ido, kusan kashi 35 cikin 100 na dukkan kaucewar.

Mutumin da ya kafa fomular farko shi ne kuma ya yaɗa aikin da ya fara ba ta wuya. Mai rashin hangen nesa, ƙarfin idonsa ya zarce tsawonsa, haske na haɗuwa kafin ya isa retina. In aka rage wa koniya tudu, sai hoto ya koma inda ya dace. Tsutomu Sato na Japan ya gwada hakan da wuƙa tun kafin 1960, amma da yake har ta ciki yake yankawa, da yawa daga mutanensa koniyarsu ta kumbura ta dushe bayan shekaru. Fyodorov ya farfaɗo da aikin a Mosko daga 1974, yana tsagawa ta waje kaɗai: tsaga huɗu, takwas, wani lokaci goma sha shida, daga gefe zuwa kusa da tsakiya, a bar fili na kimanin milimita 3. Gefe ya saki, tsakiya ta baje. Ana kiran aikin RK, ya shiga Amurka a 1978. A 1989 Douglas Koch na Houston da abokan aikinsa suka buga rahoton rikicin lamba da suka gani da suka cire yana daga irin waɗannan idanu. Har yau idon RK ne mafi wuyar sha'ani. Ƙarfinsa da safe daban, da yamma daban. Binciken PERK na Amurka ya tarar bayan shekara goma cewa kashi 43 cikin 100 na idanun sun ci gaba da zamewa da dayofta ɗaya ko fiye. Bayan aikin yana kuma tsofaffin tsagun kan kumbura na makonni su ba da sakamakon bogi, don haka likita mai haƙuri ba ya gaggawar sauya lensi.

Leza ta wata ƙofar ta shigo. A Nuwamba 1981, a ɗakin binciken kamfanin IBM, Rangaswamy Srinivasan da Samuel Blum da James Wynne suka haska lezar eksaima a kan ragowar naman talo-talon bikin godiya na Amurkawa. Ta yanka tsaf, babu ƙuna a gefe. Stephen Trokel ya gwada ta a koniyar shanu a 1983. Marguerite McDonald ta yi PRK na farko a lafiyayyen ido mai gani a New Orleans a 1988, inda ake kankare fuskar koniya kai tsaye. Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a Girka ya haɗa lezar da ɗaga ɗan murfi siriri daga koniya, a sassaƙa ƙarƙashinsa a mayar, aikin da ya raɗa wa suna LASIK. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da PRK a 1995, LASIK kuma a ƙarshen shekarun 1990, sai jama'a suka yi tururuwa, miliyoyinsu. Abin da ake cirewa kaɗan ne ƙwarai, kimanin maikuron 12 kan kowace dayofta in faɗin wurin milimita 6 ne, maikuron kuwa ɗaya ne cikin dubu na milimita. Yawancin masu zuwa matasa ne da magidanta, babu mai tunanin yana. Amma mai tsawon rai da wuya ya kauce mata.

Kafin shekarun 1990 su ƙare, na gaba-gabansu sun fara isowa ɗakin tiyata. Berthold Seitz da Achim Langenbucher na Erlangen a Jamus, tare da abokansu, suka nuna a 1999 cewa bayan PRK lissafin da aka saba yana ba da lensi mai rauni. Da aka bi diddigi, kura-kurai uku aka tarar, kuma dukansu wuri ɗaya suka dosa.

Na farko, mai gyaran ƙwarya in ya kankare bayanta, cikinta na nan yadda yake, kuma wanda ya shafa bayan kawai ya ce ya san surar cikin zai ji kunya. Haka leza take yi wa koniya. A ɗauki koniya irin ta lissafin Gullstrand, radiyos ɗin fuskar waje milimita 7.7. Keratomita za ta karanta 43.8. A ce leza ta cire dayofta 6. Fuskar waje ta baje zuwa kusan milimita 8.8, ta ciki ba ta motsa ba. Yanzu na'urar za ta ce 38.4, wato a wurinta 5.4 aka cire, alhali 6 ne. Kusan ɗaya cikin goma na duk abin da leza ta ɗauke ba ya bayyana. Na'ura ta ba koniya ƙarfin da ba ta da shi, fomula ta gaskata, ta rage wa lensi.

Na biyu, keratomita ba tsakiyar koniya take dubawa ba, wani zobe ne mai faɗin kusan milimita 3 a kewayenta. A idon da ba a taɓa ba bambancin ba shi da yawa. A idon da aka fi ci wa tsakiya, musamman ayyukan farko-farko masu ƙaramin fili, da na RK, zoben ya fi tsakiyar tudu, mutum kuwa ta tsakiya yake gani. Na uku shi ya fi daɗewa a ɓoye. Fomula ta ga koniya mai dayofta 38, sai ta ɗauka ido ne mai gajeren ɗaki, lensi zai zauna kusa, don haka ba ya buƙatar ƙarfi sosai. Leza kuwa ba ta taɓa ɗakin ba, zurfinsa na nan irin na koniya mai 44.

Wanda aka yi wa lezar rashin ganin kusa, inda tudu ake ƙara wa tsakiya, nasa kuskuren ɗaya ɓangaren yake juyawa. Amma mafi yawa masu rashin hangen nesa ne, kuma inda suke faɗawa ya fi ciwo. Lensin roba na yau da kullum ba ya miƙewa ya tsuke irin na ƙuruciya. In aka bar mutum da ɗan rashin hangen nesa, ko ba komai zai karanta saƙo a waya, ya ƙirga kuɗi. In lensin ya yi rauni da dayofta biyu ko uku, babu tazarar da zai gani tar, ba nesa ba kusa. Kuma wane ne shi? Mutumin da ya biya kuɗi masu nauyi shekarun baya don ya rabu da tabarau, ya ɗanɗani zama ba su, yanzu a ce masa sai ya koma, ko kuma a sake buɗe idon a fitar da lensin. Ban ga laifin wanda ransa ya ɓaci ba.

Maganin farko Jack Holladay ya kawo shi a 1989 saboda idanun RK, aka ɗauke shi zuwa na leza. Ya ce a bar na'ura a koma tarihi. In kafin aiki koniya 44 ce, aka cire 6, to yanzu 38 ce, ko me keratomita ta faɗa. Sama da shekara goma da wannan hanya aka riƙa gwada sauran hanyoyi. A takarda ba ta da aibi. A asibiti kuwa lambobi uku take nema: ƙarfin koniya kafin leza, ƙarfin tabarau kafin leza, da inda ganin ya tsaya bayan ido ya warke amma kafin yana ta soma. Mutum ya zo bayan shekara ashirin. Cibiyar da ta yi masa aiki ta rufe, ko ta sauya hannu, ko ta zubar da tsofaffin fayiloli, shi kansa abin da zai iya tunawa bai wuce cewa gilashinsa na da kauri ba. Ko an samu takardun, lamba ta uku takan ci amana, domin yanar da ke farawa daga tsakiyar lensi tana jawo rashin hangen nesa sannu a hankali. Ita ce ke sa wani tsoho ya wayi gari yana karanta Alƙur'aninsa ba tabarau, yana murna gani ya dawo. In bayan ta fara aka auna, lissafi ya gurɓata tun daga tushe. Sannan ko komai ya yi daidai, kura-kurai biyu aka gyara, na uku na nan.

Jaime Aramberri, likita a San Sebastián ta Sifen, shi ya kama na ukun a 2003, da dabara mai sauƙi da ban sha'awa: a ba fomula ƙarfin koniya biyu. Tsohon, na kafin leza, ta yi hasashen mazaunin lensi da shi. Sabon, ta lissafa tafiyar haske da shi. In tsohon ya ɓata, a sa matsakaicin na jama'a, kusan 43.9. A shekarar dai John Shammas ya fitar da gyaran da ba ya neman takarda ko ɗaya, sai abin da aka auna yau. Samuel Masket da Seth Masket a 2006 lamba ɗaya suka nema, adadin da leza ta gyara: a ɗauki kusan sulusinsa a ƙara wa lensi, wanda aka cire wa dayofta 6 ke nan a ƙara masa kamar 2. Haigis, wanda fomularsa dama daga zurfin gaban ido da tsawonsa take hasashen mazauni, ba ruwanta da koniya, ya ƙara mata gyaran karatun koniya a 2008 ta zama Haigis-L. Hanyoyi suka yi yawa har likita ya rasa wadda zai kama. A 2007 Warren Hill da Li Wang da Koch suka tara su a wata manhajar lissafi ta kyauta a intanet, ƙarƙashin ƙungiyar ASCRS ta likitocin yanar ido na Amurka: a zuba lambobin da ake da su, ta fitar da amsar kowace hanya da matsakaicinsu. A 2010 su ukun suka gwada hanyoyin da sakamakon gaske, sai ga waɗanda suka dogara da tsohon awon koniya sun zo a baya.

Nan ne, a ganina, akalar labarin ta juya. An daina cigiyar yadda ido yake a da, an koma neman hanyar ganinsa yadda yake yanzu, har da fuskar nan da aka shekara ɗari ana biya wa bashi a makance. Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya, ya yi rajistar wata dabarar karkata kyamara a 1904 saboda ɗaukar hoton ƙasa daga sama. Kusan ƙarni guda bayan haka na'urori irin su Pentacam suka ɗauko ta, suna fitar da hoton koniya a yanke, ana ganin fuskar waje da ta ciki da kaurin tsakani. Na'urar IOLMaster 700 ma a 2018 ta fara ba da ƙarfin koniya wanda ya haɗa fuskokin biyu. Fomular True-K ta Graham Barrett na Perth a Ostareliya, wadda take cikin waɗanda aka fi dogara da su yau, tana aiki da tarihi ko babu, kuma tana karɓar awon fuskar ciki in an samu. Duk da haka giɓin bai rufe ba. A wani bincike na 2016 da Adi Abulafia ya jagoranta, True-K ta kai kimanin ido biyu cikin uku zuwa rabin dayofta daga inda aka nufa, sama da tara cikin goma kuma ba su wuce dayofta ɗaya ba. A idon da ba a taɓa ba, fomulolin zamani suna kai kusan huɗu cikin biyar zuwa rabin dayoftar. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa mara lafiya ƙarara tun kafin ya kwanta.

Wasu kuma suka ce tun da hasashe ne matsalar, a jinkirta shawarar. Akwai na'urar ORA da ake maƙalawa a madubin tiyata ta auna ido a kan gado bayan an fitar da yana, kafin a buɗe kwalin lensi. Amma ido a wannan lokaci ya sha ruwa, an bankaɗe fatarsa da ƙarfe, kuma mazaunin lensi har yanzu hasashe ne. Wanda ya fi nisa shi ne lensin da ake gyarawa da haske, aikin likita Daniel Schwartz na San Francisco da Robert Grubbs na jami'ar Caltech, wanda ya ci Nobel a ilimin sinadarai a 2005. FDA ta amince da shi a Nuwamba 2017. Ana dasa shi, a jira makonni biyu zuwa uku ido ya natsu, a gwada gani, sannan a haska masa wani haske na musamman wanda ke sauya surarsa yana cikin ido. In an gamsu sai a kulle shi da wani hasken. Kafin nan mutum na sanye da tabaraun kariya daga hasken rana. Yana da tsada, yana buƙatar zirga-zirgar asibiti, amma ina girmama gaskiyar da ke ƙarƙashinsa, wato amincewa cewa akwai abin da ba za a sani ba sai ido ya warke.

A ƙasarmu dai wannan ba ita ce babbar damuwar yanar ido ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya tarar cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu maganin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, ba lensi ba lissafi. A wasu ayyukan ido na kyauta da ake kaiwa karkara kuma, inda babu na'urar awo, lamba ɗaya ko biyu ake raba wa kowa, irin yadda ake yi kafin 1967. Wannan ya fi gaggawa. Sai dai akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai da suka yi LASIK a Indiya ko Masar ko Dubai, wasu a manyan biranenmu, kuma shekaru na tafiya. Sabon aikin SMILE, wanda FDA ta amince da shi a 2016, inda ake zaro wani ɗan yanki daga cikin koniya ta ƙaramar kafa, shi ma fuskar waje yake bajewa ya bar ta ciki, don haka masu shi layi ɗaya za su bi.

Tsagun RK suna bayyana ga duk wanda ya leƙa. Bakin murfin LASIK kuwa bayan shekaru yakan shafe har likita mai layin mutane a ƙofa ya iya wuce shi, na PRK ma sau da yawa ba ya barin alama. Mutane da dama ba sa ɗaukar leza a matsayin tiyata, in an tambaye su ko an taɓa yi musu aikin ido sai su ce a'a. Lambobi ne ke fallasa ta: ido mai tsawon milimita 26 da koniya mai dayofta 38 ko 39 ba kasafai ake haihuwar mutum da shi ba, kuma ma'aikacin da ya ga biyun tare ya kamata ya ajiye biro ya sake tambaya. Shi kuma wanda aka yi wa lezar, ya faɗa tun ba a tambaye shi ba, ya faɗi irin aikin, kuma in cibiyar tana nan, ya nemi a rubuta masa dayofta nawa aka gyara a kowane ido. Tsohon awon koniya ya rage daraja, amma wannan lamba guda har yau Masket da True-K suna aiki da ita.